Kurakuran da masu zaman jirgi ke yi idan za su hau tudu su huta

A ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Warra da tsibiran da Gungawa ke zaune, akwai mutanen da jirgin ruwa ne ɗakin kwanansu na tsawon watanni. Wasu masunta ne masu bin kifi zango-zango, wasu kuma matuƙa ne masu jigilar hatsi da banda da itace daga wannan kasuwa zuwa waccan. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shimfiɗu ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tafiya ta ƙara nisa, kwanan jirgi ya zama dole ga mai neman abinci a ruwa. Idan irin wannan mutum ya samu sarari ya yi niyyar kama ɗaki a otal a Birnin Kebbi ko Argungu, ya kwana kan katifa, ya ci abincin da ba shi ya hura wa wuta ba, babu mai ganin laifinsa. Sai dai yawancin abin da ke ɓata wannan hutu tun a bakin kwata ake shuka shi, kafin mutum ya shiga mota.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaure jirgi bisa ga ruwan da ake gani a ranar tafiya, alhali ruwan Kwara ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu yake cikowa a shekara. Farin ruwa, mai laka, yana zuwa ne daga damunar wannan yanki wajen watan Agusta zuwa Oktoba, baƙin ruwa kuma, wanda ya taso daga duwatsun ƙasar Gini ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa sai wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan tafkin kan riƙa ja da baya har zuwa tsakiyar damuna, kuma tazarar cikarsa da ƙarancinsa takan kai kusan mita 10. Wanda ya kafa turke a ruwa mai kai wa gwiwa a watan Maris, ya tafi hutun mako uku, yana iya dawowa ya tarar da jirginsa zaune kan laka, rabinsa a rana, ruwa ya yi masa nisa. Wanda kuma ya ɗaure da gajeriyar igiya a ƙarshen Agusta, ruwa zai hau, igiya ta riƙe kan jirgin ta danne shi har ya sha ruwa. Gyaran bai da wuya: a tambayi dattawan kwata inda ruwa ke kaiwa a wannan wata, a ɗaure jirgi gaba da baya da igiya mai sauran tsawo, a wurin da ke da kariya daga iskar gabas, domin hadarin farkon damuna daga can yake tasowa, kuma ba ya sallama.

Akwai masu ganin sun yi dabara idan suka jawo jirgin katako gaba ɗaya kan tudu, su ce ai yanzu ba abin da zai nutsar da shi. Katakon da ya saba da ruwa a kumbure yake, kumburin nan ne ke matse haɗin allunan. Idan ya kwana biyu yana shan rana da iskar hunturu sai ya ƙanƙance, haɗi ya buɗe, tsumma da kwaltar da aka cusa a tsakani su saki, ranar da aka mayar da shi ruwa kuwa ya riƙa yoyo ta ko'ina. Ga kuma gara, wadda ba ta ƙin katakon da ya taɓa ƙasa. A ganina, ga hutun da bai wuce wata guda ba, barin jirgi cikin ruwa ya fi, muddin akwai mai kwarfe shi kowace safiya. Idan jawo shi ya zama dole, saboda gyara ko doguwar tafiya, to a ɗora shi kan gungume a inuwa, a lulluɓe shi da zana, a riƙa watsa masa ruwa.

Inji shi ne rabin jarin mai jirgi, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a ranar tafiya. Barinsa rataye a bayan jirgi gayyatar ɓarawo ce, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ke kula da shi ba shi ne man da ya saura a kafireta. Fetur da aka gauraya da baƙin mai, irin wanda injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ke sha, idan ya daɗe a zaune sai ya bushe ya bar danƙo mai toshe ƙananan kafofi, mutum ya dawo ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. Kafin a sauke inji, yana cikin ruwa yana aiki a hankali, a zare tiyon mai a bar shi ya ƙone abin da ke cikinsa har ya mutu da kansa. Sannan a kwance fulogi, a ɗiga mai kaɗan a ramin, a ja igiya sau biyu a hankali, a mayar. A cire farfela a duba bayanta, domin zaren mamari da guntun raga sukan naɗe a nan su yanke robar da ke tare ruwa. Idan aka kwance ƙusar man giya aka ga ya fito fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga, kuma gara a kai wa makaniki kafin tafiya da a bar shi ya yi tsatsa. A ajiye injin a tsaye cikin ɗaki mai kulle.

Taru da raga kuwa a wanke, a shanya a inuwa, a rataye sama, saboda rana na cin lailon, ɓera kuma na bin ƙarnin kifi.

Sai batun amana, inda zumunci kan hana a yi magana filla-filla. Mutum zai ce wa ƙaninsa, "Ka ɗan riƙa leƙa jirgin nan," ya wuce, shi yana nufin kwarfa da gyara igiya, ƙanin kuma ya ji an ba shi izinin ɗaukar fasinja ran kasuwa. Abin da ya kamata shi ne a je da yaron gaban Sarkin Ruwa ko shugaban kwata a ce, "Ranka ya daɗe, zan yi tafiyar kwana goma, ga wanda na bar wa jirgi, zai kwarfe, zai matsar da turke, amma ba zai fita da shi ba." A yanka masa ladansa tun a nan. Wanda ya yi haka ba zai wuni a ɗakin otal yana buga waya yana tambayar ko an yi ruwa a Yauri ba, wanda kuwa bai yi ba, kuɗin ɗaki kawai yake biya, hankalinsa yana kwata.

A tudu, kuskuren farko shi ne haɗa hutu da biki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, abin kallo ne ga duk wanda ya san ruwa. Amma a kwanakinsa ɗakuna kan cika, farashi ya hau, barci ya yi wuya. Ba kuma kowace shekara ake yinsa ba, domin an yi kusan shekara goma ba a taru a Matan Fada, inda ake kamun kifin, ba kafin a dawo da shi a 2020, saboda haka a tabbatar da rana kafin a tashi. Mai son kallo ya kama ɗaki da wuri, ko ya sauka a Birnin Kebbi ya riƙa zuwa da safe. Mai son hutu zalla ya je bayan an watse, ya zaga gidan tarihi na Kanta ba tare da turereniya ba.

Kuɗi ma na da nasa tarko. Mai jirgi yakan sauka da cinikin wata biyu a aljihu ɗaya, ya manta cewa a ciki akwai kuɗin man komawa, da bashin dillalin da ya ba shi raga, da cefanen gida. A ware waɗannan a bar su a banki ko hannun uwargida, abin da ya saura shi ne na hutu. A kuma tambayi kuɗin ɗaki da abin da ya ƙunsa kafin a karɓi makulli, musamman ko ana kunna janareta da dare.

Jiki yana da nasa sabo. Wanda ya daɗe a ruwa yakan ji ƙasa na lilo da shi a ranar farko, wannan ba ciwo ba ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya zarce mako, a ga likita. Abin da bai kamata a raina ba shi ne fitsarin jini, wanda da yawa daga masunta suka ɗauka gadon sana'a ne. Tsargiya ce, ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa ta shiga fata a ruwa, tana da magani, kuma idan aka ƙyale ta tana lalata mafitsara. Safiya ɗaya daga cikin hutun ta isa a kai fitsari asibiti a auna.

Ranar komawa, gaggawar mayar da abin da aka kashe kan sa mutum ya loda jirgi tun bai duba shi ba. Hatsarin Warra na watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, jami'ai sun danganta shi da tsufan jirgi da lodin da ya wuce kima. A fara fita da jirgi babu kaya, a zaga kusa da gaɓa, a lura da inda yake tsattsafo, a saurari injin. A tambayi waɗanda ba su bar ruwa ba inda kututture ya ɓullo da inda kainuwa ta toshe hanya, tunda hanyar da aka bari ba lallai ita za a tarar ba. Rigunan kariya daga nutsewa su shiga jirgi kafin buhu na farko, kuma hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, don haka lodi ya jira wayewar gari.