Babi na 7: Kula da Haƙori ga Mai Ciwon Bawul ɗin Zuciya

Darasi na 1

Zuciya tana da bawul guda 4. Aikinsu irin na ƙyaure ne: su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya dawo baya. A ƙasarmu, abin da ya fi lalata su shi ne ciwon maƙogwaron da ba a magance ba tun ana yara. Wasu har an yi musu aiki an saka musu bawul na ƙarfe.

To, ina ruwan haƙori da zuciya? Bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta. Idan dasashi ya yi jini, sai su samu hanyar shiga, jini ya kwashe su zuwa zuciya, su maƙale a jikin bawul mai rauni. Ciwon da ke biyo baya yana iya kisa.

Darasi na 2: Ku faɗa kafin ku zauna

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi. Kun shiga wurin likitan haƙori, kun gaisa. Kafin ku hau kujerar nan, ku ce:

"Likita, ina da ciwon bawul ɗin zuciya."

Ku karanta da ƙarfi. Ku sake. Yanzu ku rufe littafin ku faɗa da ka. Madalla, kun iya.

Kafin ku zauna fa, ba bayan an yi allurar kashe zafi ba. Dalili kuwa, mai bawul na ƙarfe, da wanda ƙwayoyin cutar nan suka taɓa kama bawul ɗinsa, akan ba su maganin amoxicillin, giram 2 ga babba, minti 30 zuwa awa 1 kafin a cire haƙori ko a wanke shi. Likita ne zai ce ko kuna cikinsu. Amoxicillin dangin penisilin ne, don haka in penisilin ba ya karɓar ku, ku faɗa, akwai wani. In ana yi muku allurar penisilin duk wata, shi ma ku faɗa.

Ku tafi da katin asibitin zuciya da kwalayen magungunanku a leda. Masu shan warfarin, maganin tsinka jini, ku nuna shi, kuma kada ku daina sha da kanku don za a cire haƙori.

Na sha jin ana cewa, "Ai yana cikin kati," ko "Bai tambaye ni ba." Haba Malam, haba Hajiya! Likita zai hango zuciya ta cikin baki ne? Kunya ba ta da wuri a nan. Ko ya san ku, ko jiya kuka zo, ku sake faɗa: "Likita, ina da ciwon bawul ɗin zuciya."

Mai cire haƙori a kasuwa kuwa, ko kusa da shi kada ku je.

Darasi na 3

Ku goge baki safe da dare, minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki. Asuwaki yana da kyau, amma kada a dirza har jini ya fito. A bar sakace da tsinken tsintsiya. A sauya buroshi duk wata 3, a je duba haƙori duk wata 6.

Darasi na 4

Zazzaɓin da ya ƙi tafiya, zufa da dare, kasala, rama: suna iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun kama bawul, a tafi asibiti. Kada a fara da kemis.

Aiki: ku rubuta jimlar Darasi na 2 sau 5 a littafinku.