Kurakuran da ake yi wajen lissafa albashin masu digirin MBA

Duk wanda ya leƙa tallar makarantun da ke ba da MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, zai fara cin karo da albashin da tsofaffin ɗalibansu ke ɗauka. Adadin yana ɗaukar ido, sai mutum ya zaci kuɗin nasa ne da zarar ya karɓi takardar shaida.

Ka fara tambayar yadda aka samo adadin. A Amurka galibi ana ƙirga waɗanda suka nemi aiki ne, suka samu cikin wata 3 da kammalawa, kuma suka yarda suka faɗi abin da ake biyansu. Wanda bai samu ba, babu albashinsa a lissafin. Idan kuma an tara na kowa an raba daidai, 'yan tsirarun da suka shiga manyan kamfanonin ba da shawara kan kasuwanci irin su McKinsey da Bain, ko bankunan zuba jari, sai su ja adadin sama. Nemi albashin wanda ke tsakiyar jeri, a fannin da kai ka nufa. Garaɓasar kama aiki kuwa sau ɗaya ake ba da ita, kada ka haɗa ta da albashin shekara.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tsayawa a kuɗin makaranta kawai. Wanda ya ajiye aikinsa ya tafi karatun shekara 2, kamar yadda aka saba a Amurka, ya bar albashin shekara 2 cur, har da ƙarin girman da da ya samu in ya zauna. Ga haya, ga kuɗin ruwan bashi. Tara waɗannan duka, ka raba da ƙarin da kake sa ran samu duk shekara bayan an cire haraji, za ka ga shekarun da za ka yi kafin uwar kuɗi ta dawo. Shi ya sa shirin wata 10 irin na INSEAD ta Faransa, ko karatu a haɗa da aiki, yakan fi wa wasu sauƙi.

Akwai kuma masu kwatanta jadawalin da ba ma'auninsu ɗaya ba. Jaridar Financial Times tana auna albashi ne shekara 3 bayan kammalawa, tana kuma daidaita shi da ƙarfin sayen kuɗin kowace ƙasa. Ba daidai yake da rahoton wata 3 ba.

Sannan a daina jingina wa digirin komai. Harvard ta fara shi tun 1908, yau makarantu barjat ke ba da shi da suna ɗaya, amma darajarsa wurin masu ɗaukar aiki ta sha bamban. Manyan makarantun kuma sukan zaɓi waɗanda dama tauraruwarsu ke haskawa a wurin aiki, don haka wani ɓangare na albashin da sun same shi ko ba digirin. Kafin ka biya ko sisi, nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da suka taso daga irin aikinka, ka ji inda suke yanzu da abin da ya rage musu na bashi.