Yanda zaka maida rauta dinka kan tsohon saitinta

Rannan a shagonmu na Kawo yaro na ya taba saitin rauta, na'urar da ke raba intanet, wai zai canza fasuwod, kawai intanet ya tsaya cak, kwastomomi masu cika fom sun yi layi har bakin titi. Abinda ya cece ni shine fayil din bakof, wato kwafin saitin rautar, da na ajiye tun lokacin da komai ke tafiya daidai.

To ga yanda akeyi. Ka hada kwamfuta da rautar ta wayar kebul, kar ka yarda da wayfay a wannan aikin. Bude burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in duk basu bude ba juya rautar, adireshin na jikin takardar kasanta tare da sunan shiga. A TP-Link ka nemi System Tools sai Backup & Restore, zabo fayil dinka, yawanci sunansa na karewa da .bin, ka danna Restore ka bar ta ta kashe kanta ta dawo.

Nan fa mutane ke kwafsawa, in aka dauke wuta tana tsakiyar lodawa rautar na iya lalacewa gaba daya, ni dai sai na jona ta a inbata tukuna, kuma fayil din wata rauta daban ba zai zauna a taka ba, sai irin samfurin da aka ciro shi.

In ka manta fasuwod din shiga rautar ma baki daya, sa allura a dan ramin reset ka danne kamar sakan 10, zata koma yanda ta fito daga kamfani, sai ka loda fayil din. Fasuwod din wayfay zai koma na ranar da kayi bakof, ka fadawa yan gida tun kafin su fara kiranka.