Kurakuran da aka fi yi wajen sa lambobi a kan layukan taswira da Matplotlib

Na gaji da ganin ɗalibai suna kawo mini taswirar ruwan sama a nan Aboabo, cikin Kumasi, layukanta sun fita tsaf amma lambobin da ke kansu sun watse, kuma kusan kullum matsalar tana wajen yadda aka kira clabel, wato umarnin da ke sa lambobi a kan layuka a Matplotlib, manhajar zane ta Python.

Kuskuren da ya taɓa jawo mini asara shi ne kiran clabel kafin a gama daidaita zanen. Wurin da lamba za ta zauna, da karkatarta, da faɗin giɓin da ake yankewa a layi domin ta, duk ana auna su ne bisa yadda zanen yake a daidai lokacin da aka kira shi. Idan daga baya aka taɓa set_xlim, mai saita iyakar zanen ta kwance, ko aka canja girman takarda, giɓin da lambar ba za su ƙara dacewa ba. Na taɓa buga taswirar ruwan sama ta yankin Ashanti a babbar takarda, sai da na karɓo ta na ga lambobi sun hau kan layuka, wasu a karkace, dole na sake biyan kuɗin bugu daga aljihuna. Tun daga ranar, clabel ne abu na ƙarshe da nake kira kafin savefig, mai adana zanen.

Na biyu ya fi ɓata mini rai, domin rashin dubawa ne kawai. Mutum zai ba fmt, mai tsara rubutun lambobin, ƙamus (dict) da ke haɗa kowane mataki, wato ƙimar layi, da rubutunsa, ya rubuta 0.3 da hannu a matsayin makulli, alhali matakin da kwamfuta ta lissafa 0.30000000000000004 ne, sai Matplotlib ya rasa makullin ya buga %1.3f ƙarara a kan layi. Haba ƴan'uwa, wa zai miƙa wa malaminsa aiki haka bai duba ba? Ni daga CS.levels, jerin matakan zanen, nake ɗauko makullan, ba na rubuta su da kaina.

Kada a sa lamba kai tsaye a kan contourf, mai cika zane da launi; a zana contour, mai zana layuka, a bisansa, a sa lambobin a can. Ba clabel matakin da babu shi a cikin zanen yana jawo saƙon kuskure na ValueError. Alamar kashi cikin ɗari kuwa, idan fmt tsarin rubutu ne irin %1.3f ba ƙamus ba, sau biyu ake rubuta ta, wato %%. Inda lambobi suka cunkushe, nakan ba manual na clabel jerin wuraren da na zaɓa, in bar inline_spacing, filin da ake bari a gefen lamba, a kan 5 ɗinsa sai idan rubutun ya yi girma.