Darasi na Shida: Jar Ros Mai Ƙamshi, Crimson Glory

A cikin jajayen ros da ake dasawa a lambu, akwai wata tsohuwa mai suna Crimson Glory. Wani mai renon furanni, Wilhelm Kordes, ne ya samar da ita a Jamus a 1935. Tana cikin dangin ros masu fitar da babban fure ɗaya a kan doguwar sanda, irin wanda ake yanka a sa a kwalba. Furenta ja ne wur mai duhu, da laushi kamar karan-miski. Amma abin da ya sa har yau ba a yar da ita ba shi ne ƙamshi. Fure ɗaya ya isa ya cika ɗaki.

Tana da aibi, kuma gara a san shi tun kafin a dasa. Wuyan furen ba shi da ƙarfi, da ya buɗe sai ya sunkuyar da kai. Mutane da yawa sukan ɗauka ƙishirwa ce, su yi ta ɗura mata ruwa har saiwa ta ruɓe. Ba ƙishirwa ba ce, halittarta ce. Haka kuma idan fure ya kwana biyu a rana mai zafi, jan yakan dushe ya koma shuɗi-shuɗi. Saboda haka a zaɓa mata wurin da take samun hantsi, kamar awa 6, inuwa kuma ta rufe ta bayan azahar. Sanyin Jos yana yi mata daɗi. Wanda zai dasa a Abuja, wannan inuwar ta zame masa dole.

Yadda ake dasawa

A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, wato kamar santimita 45. A gauraya ƙasar da bokiti ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Idan dashen ɗan aure ne, za a ga ƙulli a gindinsa inda aka haɗa; a bar ƙullin nan daidai bakin ƙasa, kada a binne shi da zurfi. Tsakanin gindi da gindi a bar santimita 90, domin ita ba ta miƙewa sama sosai, baje rassa take yi. Farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, shi ne lokacin.

Da rani a ba kowane gindi lita 10 na ruwa sau biyu a mako, da safe, a gindi ba a kan ganye ba.

Cututtuka biyu

A nan ne aikin yake. Lokacin marka, Yuli da Agusta, ganye yakan daɗe a jiƙe, sai baƙin tabo ya fito a kansa, gefen tabon ya yi ɗorawa, ganyen ya zube. Cutar tana farawa daga ganyen da ke kusa da gindi, domin ruwan sama ne ke fallatso ta daga ƙasa. A tsinke duk ganyen da ya kamu, a share na ƙasa, a ƙone. Kada a zuba shi cikin taki. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi yana rage fallatsin.

Ta biyu takan zo idan dare ya yi sanyi rana kuma ta yi ɗumi: wata farar hoda kamar an barbaɗa gari a kan sabon toho, ganye ya nannaɗe. Wannan ros tana saurin kamuwa da ita. Cunkoso da yawan takin zamani ne ke ƙara mata ƙarfi. A datse tohon da ya kamu, a buɗe tsakiyar itacen iska ta ratsa.

Aski

Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Maris kafin ruwa ya sauka, a yi mata aski da almakashi mai kaifi. A cire matattun rassa da sirara da masu gogar juna, a bar ƙarfafa 3 zuwa 5. Ita ba ta son aski mai tsanani, kashi ɗaya cikin uku na tsawon reshe ya isa. A yanka a karkace, rabin santimita sama da idon toho da ke kallon waje. Bayan mako 6 zuwa 8 fure zai dawo.

Idan wani toho ya fito daga ƙasan ƙullin aure, ba nata ba ne, na uwar gindin da aka aura ta a kai ne. A tone a fizge shi daga tushe. Idan aka yanka shi da almakashi, wasu za su sake fitowa a madadinsa.