Yadda ɗalibin likitanci zai bi sawun jijiyar kai ta 4

Cikin jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta 4, wadda ake kira tirokiliya, ita ce ta fi yawan ɓace wa ɗalibai a ɗakin fiɗa, domin siririya ce kamar zaren ɗinki, kuma ita kaɗai ce ke fitowa ta bayan ginshiƙin ƙwaƙwalwa, wato sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da lakar baya. Saboda haka ka juya ƙwaƙwalwar ka fara nema daga baya.

Ka duba wasu ƙananan tudu huɗu da ke bayan tsakiyar ƙwaƙwalwa, wato saman ginshiƙin, ka sa ido a ƙarƙashin biyun da ke ƙasa, nan za ka ga zaren ya ɓullo. Kafin ya ɓullo ya riga ya tsallaka ɓangare a ciki, wato tushen da ke dama idon hagu yake yi wa aiki. Wannan shi ne abin da na fi so ɗalibi ya riƙe.

Daga nan jijiyar tana zagayowa gaba, ta ratsa tsakanin jijiyoyin jini biyu, ta baya mai ciyar da babbar ƙwaƙwalwa da ta sama mai ciyar da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, sannan ta lafe ƙarƙashin gefen labulen tantanin da ya raba babbar ƙwaƙwalwa da ƙaramar. A nan hannu mai gaggawa yake tsinka ta, don haka ka ɗaga gefen labulen a hankali, kada ka ja. Sai ta shiga bangon kogon jini da ke gefen mazaunin pituwitari, wato ƙaramar kaluluwar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, jijiya ta 3 tana samanta, reshen farko na ta 5 yana ƙasanta, ta wuce ta tsagar sama da ke ƙashin bayan ido zuwa kwarmin ido, ba tare da ta bi ta cikin zoben da tsokokin ido suka kama ba.

Tsoka guda kawai take motsawa, wato ta sama mai karkata, wadda igiyarta ke ratsa wani zoben guringuntsi kusa da hanci, kamar yadda igiyar guga ke bi ta kan wili.

Doguwar tafiyarta cikin ƙoƙon kai ce ta sa buguwar kai, irin ta haɗarin babur, take saurin taɓa ta. Idan kana gwaji, ka sa majinyaci ya kalli yatsanka wajen hanci sannan ƙasa, ka tambaye shi ko yana ganin abu biyu, ɗaya bisa ɗaya, lokacin karatu ko saukowa daga bene. Wanda jijiyarsa ta dama ta samu rauni yakan karkatar da kai zuwa kafaɗar hagu domin ganinsa ya haɗu.