Yadda na gyara giyabos ɗin sitiyarin motata

Kusan wata biyu tsohuwar a-kori-kurar da nake ɗaukar kaya da ita daga Mile 12 zuwa Agege a Legas tana zubar da jan mai a ƙarƙashin sitiyari, kuma sai na juya sitiyarin sosai kafin tayoyin su amsa. Da farko na zargi famfon da ke tura man sitiyari, amma da na wanke wurin da kananzir na bar motar ta kwana, sai na ga man yana tsattsafowa ne daga sil (robar da ke hana mai zuba) ɗin ƙasan giyabos ɗin sitiyari, inda sandar da ke tura tayoyi take maƙale.

Na sayo sabbin sil da robobi a kasuwar Ladipo, na haɗa da sabon tiyon mai, domin tsohon ya tsattsage. Wurin da ya fi cin lokaci shi ne ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke zagayawa a cikin giyabos ɗin, waɗanda na ƙirga kafin na wanke, na sake ƙirgawa wajen mayarwa, saboda ɓatan ɗaya ya isa ya lalata aikin. Notin saiti na sama kuwa kaɗan-kaɗan na riƙa ɗaure shi sitiyari yana tsakiya, domin idan ya matse da yawa sitiyari ba ya komawa da kansa bayan kwana.

Daga nan na ɗaga gaban motar da jak, na zuba man sitiyari na Dexron, na yi ta juya sitiyari dama da hagu har kumfa ta ƙare. Alhamdulillahi, mako uku ke nan ban ga ɗigo ba.